Me ke gina sunan ƙasa a idon duniya? Ruwanda, Nijeriya da maganar talla

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karanta aikin jarida, kuma ina yawan kallon ƙwallo. Na daɗe ina ganin sunan Ruwanda a hannun rigar 'yan wasan Arsenal, kuma duk inda aka ambaci ƙasar sai ka ji ana yaba mata, alhali ita ce aka yi kisan ƙare dangi a cikinta ba da daɗewa ba. Mu kuwa da ke da man fetur da jama'a da masu ilimi, da zarar ka ce daga Nijeriya kake sai a fara yi maka kallon tuhuma. Shin me ke gina sunan ƙasa? Kuma da gwamnatinmu za ta kashe irin kuɗin da Ruwanda ta kashe a talla, sunanmu zai gyaru?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa: na farko, daga ina kallon da duniya ke yi wa ƙasa yake samo asali, na biyu, ko kuɗin talla za su iya sauya shi. Na daɗe ina aikin hulɗa da jama'a, galibi tare da 'yan kasuwa masu fitar da kaya waje, kuma abin da na gani shi ne talla yana ƙara wa abin da ke akwai amo ne kawai. Idan aikin kirki ne a ƙasa, talla zai kai labarinsa nesa. Idan kuwa ɓarna ce, talla zai jawo mutane su zo su gan ta da idonsu.

Kowace ƙasa tana da wani hoto a zukatan mutanen da ba su taɓa taka ta ba, kuma wannan hoton yana da farashi. Shi ne ke sa a ba wani biza cikin kwana biyu a riƙe fasfon wani wata guda. Shi ne ke sa ƙasa ta ci bashi da ruwa mai sauƙi, wata kuma a tsawwala mata. Shi ne ke sa mai saye ya amince ya biya kuɗin kaya tun ba a loda su ba, ko kuma ya ce sai sun sauka ya duba. Wani Baturen Ingila mai suna Simon Anholt ne ya fara tsara wannan tunani a 1996, kuma tun 2005 ake gudanar da wani bincike da ya ƙirƙiro, inda ake tambayar dubban mutane a ƙasashe daban-daban yadda suke kallon wasu ƙasashen. Ana auna abubuwa shida: kayan da ƙasa ke fitarwa, yadda ake mulkinta, al'adunta, halin mutanenta, abin da take da shi na jawo baƙi, da kuma ko mutane na sha'awar zuba jari ko zama a cikinta. Abin da ya fi jan hankali a sakamakon shi ne matsayin ƙasashe ba ya cika motsawa daga shekara zuwa shekara, kuma shi kansa Anholt ya sha faɗa cewa bai ga hujjar da ke nuna kamfen na talla ya taɓa sauya sunan wata ƙasa ba.

Lamarin ya yi kama da binciken aure a wajenmu. Idan iyaye za su ba da 'yarsu, ba sa dogara da abin da dangin ango suka faɗa game da kansu. Maƙwabta ake tambaya, da abokan ciniki, da wanda ya taɓa ba su bashi, da matar da ta taɓa zama a gidan. Haka duniya ke yi wa ƙasa: tana tambayar ɗan kasuwar da ya taɓa turo kuɗi, da matafiyin da ya taɓa bi ta filin jirginta, da likitan da ya yi aiki da 'ya'yanta. Jamus ma ta bi ta nan. A 1887 Ingila ta yi dokar da ta tilasta rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya a jikinsu, da niyyar mutane su gane kayan Jamus su guje musu saboda ana ganin ba su da inganci. Jamusawa suka gyara masana'antunsu, cikin 'yan shekaru wannan rubutun da aka yi don tozarta su ya koma shaidar nagarta.

Abin da Ruwanda ta yi kafin rigar Arsenal

Ka lura da tazarar shekarun. Kisan ƙare dangi ya auku a 1994, inda aka hallaka mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Yarjejeniya da Arsenal kuwa sai a 2018 aka ƙulla ta, sannan ta Paris Saint-Germain ta biyo a 2019, ta Bayern Munich a 2023. Shekara 24 ke nan tsakanin masifar da tallan, kuma a cikin waɗannan shekarun ne aka yi ainihin aikin.

Da tsaro aka fara, har Kigali ta zama birnin da baƙo zai iya tafiya a ƙafa da dare. Sai tsabta: an haramta leda a 2008, kuma ana aiwatar da dokar har a filin jirgi, inda ake karɓe ledar matafiyi. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata jama'a na fitowa aikin gayya da suke kira umuganda, su share unguwa su gyara magudanan ruwa. An haɗa ofisoshin da mai zuba jari ke yawo a tsakaninsu a ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka mayar da rajistar kamfani abin da ake gamawa ta intanet cikin sa'o'i, har ƙasar ta kai matsayi na 29 a duniya a jerin Bankin Duniya na sauƙin kasuwanci na 2019. A 2008 majalisar wakilanta ta zama ta farko a duniya da mata suka fi rinjaye. Daga farkon 2018 kowane baƙo na iya karɓar biza da isarsa. Sojojinta sun yi aikin wanzar da zaman lafiya a Darfur da Afirka ta Tsakiya, kuma a 2021 sun shiga arewacin Mozambik.

Wani abin da na fi so ka kula da shi, domin a nan ne dabarar take, shi ne Ruwanda ba ta yi ƙoƙarin sayar da komai ba. Ta zaɓi abubuwa ƙalilan ta tsaya a kansu. Na farko goggon birin tsaunukan arewacinta, wanda a 2017 ta ɗaga kuɗin izinin ganinsa zuwa dala 1,500 ga mutum ɗaya, ta nuna cewa baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa take nema. Na biyu taruka: ta buɗe babban zauren taro na Kigali a 2016, ta karɓi taron Tarayyar Afirka a shekarar, a can aka sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a 2018, kuma a 2022 ta karɓi taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila duk da cewa Ingila ba ta taɓa mulkinta ba, a 2009 ta shiga ƙungiyar. Kowane taro yana kawo ministoci da 'yan jarida da 'yan kasuwa, su ga titi tsaf, su ga ɗan sanda bai nemi na goro ba, su koma gida su ba da labari. Saboda haka lokacin da sunan ƙasar ya hau rigar 'yan ƙwallo, a kan kuɗin da rahotanni suka ce sun kai fam miliyan 30 cikin shekara uku, wanda ya gani ya sayi tikiti zai tarar da abin da aka yi masa alkawari.

Inda talla ya kasa rufewa

Zan zalunce ka idan na tsaya a nan. Paul Kagame yana kan mulki tun 2000, kuma a zaɓen 2024 an ce ya samu fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙuri'u bayan an hana fitattun 'yan adawa tsayawa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun daɗe suna kokawa kan matsin da 'yan jarida da masu suka ke sha. A 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa shirin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda ya saɓa wa doka, domin ba a da tabbacin ba za a mayar da su inda suka gudo ba. Sannan ga rikicin gabashin Kwango: ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoto cewa sojojin Ruwanda na mara wa 'yan tawayen M23 baya, zargin da gwamnatin Kigali ta sha musantawa. Da 'yan tawayen suka kama birnin Goma a watan Janairun 2025, ministar harkokin wajen Kwango ta rubuta wa ƙungiyoyin ƙwallon nan tana neman su soke yarjejeniyar, wasu magoya bayan ƙungiyoyin ma suka fara zanga-zanga. Rigar da ta kai sunan Ruwanda gidajen miliyoyin mutane ita ce ta kai musu labarin Goma. Duk ƙasar da ta jawo idon duniya kanta, to idon ba zai tsaya a inda take so kaɗai ba.

Mu dawo gida

Nijeriya ta gwada hanyar talla, har sau biyu a cikin shekaru goma. A zamanin Obasanjo an yi wani shiri na nuna ƙasar a matsayin zuciyar Afirka, aka yi ta taruka a biranen Turai da Amurka. A watan Maris na 2009 marigayiya Farfesa Dora Akunyili, tana ministar yaɗa labarai a gwamnatin 'Yar'aduwa, ta ƙaddamar da sabon tambari da take mai cewa mu mutanen kirki ne kuma ƙasarmu ƙasaitacciya ce. Kafin shekarar ta ƙare rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli, sannan ranar Kirsimeti wani matashi ɗan Nijeriya ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke shirin sauka a Detroit, Amurka ta sa matafiyanmu cikin waɗanda ake yi wa binciken musamman. Taken ya bi ruwa.

Abin da ke sosa mini rai a wannan labari shi ne, ita wannan baiwar Allah ta riga ta gyara sunan Nijeriya fiye da kowane take, a lokacin da take shugabantar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga 2001 zuwa 2008. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe kasuwannin da ake sayar da su, ta sa lambar rajista ta zama abin da mai saye ke dubawa, har aka harbi motarta a ƙarshen 2003 Allah ya tsare ta. Sakamakon haka wasu ƙasashen Afirka ta Yamma da suka guji magungunan Nijeriya suka sake buɗe musu ƙofa. Mutum ɗaya ce, ƙwazo ɗaya ne, amma a wuri na farko aiki aka ba ta, a na biyu kuma magana.

Ka dubi 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok. A watan Yuli cutar Ebola ta shigo Legas, marigayiya Dokta Stella Adadevoh ta hana majinyacin farko fita daga asibiti, ta rasa ranta a sanadin haka, ma'aikatan lafiya suka bi sawun duk wanda ya yi mu'amala da masu cutar, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da ita, da mutum 20 kacal da suka kamu a ƙasar da ake tsoron dubbai za su mutu. Yau idan ka tambayi baƙo wanne ya tuna, Chibok zai ce. Ana yawan ɗora laifin a kan kafafen yaɗa labaran Yamma, kuma akwai gaskiya a ciki, domin mugun labari ya fi saurin tafiya. Amma babban dalilin shi ne Chibok ta maimaitu: Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Abin da ya faru sau ɗaya labari ne, wanda ya yi ta maimaituwa kuwa shi duniya ke ɗauka a matsayin hali. Haka damfarar nan da ake kira 419, wadda ta samo sunanta daga sashen dokar laifuka da ya haramta ta: masu yin ta tsiraru ne, amma shekara da shekaru wasiƙunsu na shiga akwatin saƙon mutane a ko'ina, har ya zama ga miliyoyin mutane wannan ce kaɗai mu'amalar da suka taɓa yi da Nijeriya.

Akwai kuma misalin da ya shafe mu kai tsaye a Arewa. A 2003 wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da ya bazu, zargin da ke da tushe a ɓacin ran da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ya bari a Kano. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama, har Yaman da Indonesiya, Saudiyya kuma ta wajabta wa alhazanmu ɗigon rigakafi. Ba talla ne ya wanke wannan tabon ba. Ma'aikata ne suka yi ta bin gida-gida, wasu har suka rasa rayukansu, sarakuna da malamai suka sa baki, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da cutar. Shekara 17 aka ɗauka.

Abin da nake gani a wajen baje koli

A aikina nakan raka masu fitar da riɗi da zoɓo da citta da fata zuwa wajen masu saye. Ban taɓa jin mai saye ya tambayi taken ƙasarmu ba. Tambayoyinsu ba sa sauyawa: wane ɗakin gwaji ne ya auna kayan, ko buhun da ke ƙasan kwantena daidai yake da samfurin da aka aiko, kwana nawa kaya ke yi a tashar jiragen ruwa, kuma idan aka samu saɓani wace kotu ce za ta raba. Sau da yawa ɗan kasuwarmu mai gaskiya ne, kayansa ma sun fi na abokin takararsa, amma sai a rage masa farashi ko a ƙi biyansa sai kaya sun isa, saboda wani can ya taɓa cakuɗa riɗi da yashi. Wannan ragin shi ne harajin da muke biya a kan sunanmu.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwarin da ake zubawa a buhuna ya ninka abin da doka ta yarda da shi, kuma aka yi ta tsawaita haramcin. Babu allon talla a Landan da zai ɗage irin wannan takunkumi. Abin da zai ɗage shi shi ne manomi da ɗan kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano su koma buhunan da ke hana iska shiga, a samu ɗakin gwajin da Turai ta amince da shi, a kuma hana duk kayan da bai ci jarrabawa ba fita. Fata ma tana da nata darasin. Ƙarnuka da dama fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme tana ƙetare Sahara, Turawa na sayenta da sunan fatar Maroko domin ta can ta iso musu. Har yau fatar da aka jeme a Kano tana tafiya Italiya da Sifaniya, ta fito a matsayin jaka ko takalmi da sunan wata ƙasa. Ingancin namu ne, sunan na wasu, saboda mun tsaya a matakin da ba a rubuta suna.

To, me ya kamata a yi?

Ba na cewa a daina talla gaba ɗaya. Yana da amfani idan akwai takamaiman abin sayarwa da takamaiman mai saye. Hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, bikin kamun kifi na Argungu tun 2016. Waɗannan sun cancanci talla, amma bayan an tabbatar da rana tsayayya, da hanya mai aminci, da masauki, da biza maras wahala. Na taɓa zama a wani kwamiti na bunƙasa yawon buɗe ido inda mafi yawan kasafin ya tafi ga tambari da bikin ƙaddamarwa, alhali hanyar zuwa wurin da ake tallatawa ba ta biyuwa da damina. Shawarar da na bayar a lokacin ita ce nake bayarwa yanzu: a fara da wuraren da baƙo ke taɓa ƙasar da hannunsa, wato ofishin jakadanci, filin jirgi, shingen kan hanya, tashar ruwa, banki da kotu. Lokacin da kamfanin jiragen Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022 saboda ya kasa fitar da kuɗinsa, duk wani mai shirin zuba jari ya karanta saƙon, kuma dawowarsa a 2024 ta fi kowace sanarwa tasiri.

Muna kuma da jarin da Ruwanda ba ta da shi, wanda ba tallan gwamnati ne ya gina shi ba. Kiɗan Nijeriya ya cika duniya, finafinan Hausa ana kallonsu daga Yamai zuwa Kumasi zuwa Khartum, mahaddatanmu suna lashe gasar Alƙur'ani a ƙasashen Larabawa, 'yan ƙwallonmu sun ci zinare a Atlanta a 1996, Ngozi Okonjo-Iweala tana jagorantar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya tun 2021, Amina Mohammed kuma mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ce tun 2017. Shi ya sa hotonmu ya rabu biyu: duniya tana sha'awar ɗan Nijeriya da basirarsa, tana kuma shakkar hukumomin Nijeriya. Gibin yana wajen mulki ne, can ya kamata kuɗin su tafi.

Sai dai kwatancen da ka yi yana da iyaka. Ruwanda kaɗan ta fi Jihar Katsina faɗi, mutanenta kimanin miliyan 13 ne a ƙidayar 2022, harshensu ɗaya, kuma umarni daga wuri ɗaya yake fitowa. Nijeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, da 'yan jarida masu faɗin abin da suka gani, kuma ni ba zan so mu sayi tsabtar titi da rufe bakin jama'a ba. Abin da zai fi yiwuwa a wajenmu shi ne jiha ɗaya ko birni ɗaya ko sana'a ɗaya ta gina nata sunan, kamar yadda mai sayen riɗi zai iya amincewa da wata ƙungiyar manoma tun bai amince da ƙasar baki ɗaya ba. Mu masu aikin hulɗa da jama'a ma ikonmu taƙaitacce ne: za mu iya taimaka wa mai aikin kirki ya bayyana aikinsa, amma tsaro da shari'a da wutar lantarki ba a hannunmu suke ba.

Tunda aikin jarida kake karantawa, duk ranar da aka kira ka taron ƙaddamar da sabon shirin gyara sunan ƙasa, ka nemi a gaya maka nawa aka ware, wane kaso ne zai tafi ga talla wane ne ga gyaran abin da ake tallatawa, su wa ake so su sauya ra'ayi, da wane ma'auni za a gane sun sauya, kuma wace hukuma ce za ta ci gaba da shirin idan ministan da ya kawo shi ya sauka. Bayan shekara guda ka koma wajen masu fitar da kaya da ɗaliban da ke neman biza ka tambaye su ko sun ga bambanci.